FIRIZA MAI TSAYI: YADDA TAKE AIKI DA YADDA AKE KULA DA ITA

Jama'a, a yau firiza ta shigo ƙauyuka da yawa. Wasu suna haɗa ta da wutar NEPA, kamar yadda har yanzu muke kiran wutar lantarki. Wasu da janareta, wasu kuma da sola. Mata suna sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Masu kifi da nama suna ajiya a cikinta. Ke nan firiza jari ce. Ranar da ta tsaya, ciniki ya tsaya, kayan da ke ciki kuma su lalace.

Firiza iri biyu ce. Akwai mai kama da adaka, wadda murfinta yake sama. Akwai kuma mai tsayi kamar kabad, wadda ƙofarta take gaba. A kan mai tsayin za mu yi bayani. Ba ta cin wuri, kuma tana da hawa-hawa na jera kaya. Amma tana da rauni guda. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Da ka buɗe ƙofar, sai sanyin ya zubo ƙasa kamar ruwa, iska mai zafi ta maye gurbinsa.

YADDA TAKE AIKI

Ka lura da randa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi. Yayin da yake bushewa, sai ya tafi da zafi, ruwan ciki ya yi sanyi. Aikin firiza ya yi kama da wannan. Kwashe zafi take yi daga ciki, ta zubar da shi a waje.

Akwai siraran bututu a jikinta, da gas a cikinsu. A ƙasa ta baya akwai wani baƙin inji mai kama da tukunya. Sunansa kwamfuresa. Shi ne yake tura gas ɗin yana zagayawa. A cikin firiza gas ɗin yana shanye zafin kaya. In ya fito waje, sai ya saki zafin ta bututun baya ko ta bangon gefe. Shi ya sa kake jin ɗumi in ka taɓa wurin. Wannan ba lalacewa ba ce.

To, duk kula da firiza abu uku ne. Ka ba zafi hanyar fita. Ka hana zafi shiga. Ka tsare kwamfuresa.

KAFIN KA SAYA

Akwai 'yar takarda manne a bayan firiza ko a cikinta. Ka nemi waɗannan haruffa a jiki: N, ST ko T. Mai N an yi ta ne don wurin da zafi bai wuce digiri 32 ba. Mai ST tana jure digiri 38. Mai T tana jure digiri 43. A nan Arewa zafi yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Saboda haka mai T ce ta dace da mu. Ka duba da kyau, musamman in tsohuwa ce da aka kawo daga Turai. Araha ba ta ado.

A ɗauko ta a tsaye. In ta iso gida, a bar ta kamar awa 4 kafin a kunna. In kuwa an kwantar da ita a mota, a bar ta a tsaye kwana ɗaya cur. Dalili shi ne, akwai mai a cikin kwamfuresa. Sai an ba shi lokaci ya koma mazauninsa.

BA ZAFI HANYAR FITA

Kada ka manna ta da bango. Ka bar tazarar tafin hannu a baya da gefe. Ka aje ta a inuwa, nesa da murhu da taga mai rana, a ɗakin da iska ke shiga. Kada a lulluɓe ta da zane. Lokacin hunturu ƙura takan rufe bututun baya. Ka cire filogi, ka share su da busasshen tsumma ko burushi mai laushi, sau ɗaya a wata.

HANA ZAFI SHIGA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A firiza, robar bakin ƙofa ita ce bangon. Ga yadda za ka gwada ta. Sa takarda a bakin ƙofa ka rufe, sa'an nan ka ja. In ta zare ba wuya, robar ta saki. Wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu. In ta yage, a sake wata.

Uwargida, kada ki sa zoɓo ko kunu da zafinsa. Bari ya huce tukuna. Ki san abin da za ki ɗauka kafin ki buɗe ƙofa, kuma ki hana yara yawan buɗewa.

Ƙanƙarar da ke taruwa a bango ba alamar ƙarfi ba ce. Tare hanyar sanyi take yi, injin ya yi ta wahala. In kaurinta ya kai rabin santimita, wato kusan kaurin fensir, a narkar da ita. Cire filogi. Kwashe kaya ka sa a kula, ko ka naɗe su da bargo. Bar ƙofa a buɗe, ka sa kwanon ruwan ɗumi a ciki. In ta narke, ka goge da tsumma.

A kula! Kada a sa wuƙa ko sukundireba a ɓamɓari ƙanƙara. Bututun gas yana nan kusa. Huda ɗaya ta isa ta kashe firiza. Kuma gas ɗin da ke cikin yawancin sababbi, mai suna R600a, yana kama wuta.

TSARE KWAMFURESA

Kwamfuresa shi ne mafi tsada a jikin firiza, kuma wuta marar ƙarfi ce babbar abokiyar gabansa. Firiza tana son wuta mai ƙarfin 220 zuwa 240. In ka ga ƙwan fitila ya yi ja, cire filoginta. In da hali, sayi sitabilaiza. In an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, jira minti 5 kafin ka kunna. In janareta ne, bari ya tashi ya daidaita tukuna. Kuma a aje janareta a waje, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa.

IN TA BA DA MATSALA

1. Ba ta tashi ko kaɗan: gwada soket ɗin da wani abu, kamar cajar waya. Duba filogi da fis.

2. Tana yin "ƙas" bayan 'yan mintoci amma ba ta tashi: ko wuta ta yi rauni, ko ɗan abin da ke tayar da injin ya mutu. Cire filogi, ka kira mai gyara.

3. Tana aiki ba hutu amma ba sanyi: duba ƙura, duba roba, duba ko an cika ta da kaya masu ɗumi.

4. Tana jijjiga da ƙara: ba ta zauna daidai ba. Gyara ƙafafunta. Amma ƙara mai kama da gudun ruwa ba kome ba ce, gas ne ke zagayawa.

5. Tana jan mutum in an taɓa ta: cire filogi nan da nan. Kada kowa ya sake kunna ta sai mai gyaran wuta ya duba.

Ga wani abu da zai tsare maka kuɗinka. Gas ɗin firiza ba ya ƙarewa kamar fetur. Zagayawa kawai yake yi. In mai gyara ya ce gas ya ƙare, to akwai inda yake zurarewa. Ka ce ya nemo wurin ya toshe kafin ya zuba sabo. In ba haka ba, za ka sake biya ba da daɗewa ba.

LAFIYAR IYALI

Sanyin da ya dace da ajiyar nama da kifi shi ne digiri 18 ƙasa da sifiri. Amma sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Barci kawai yake sa su. Da nama ya narke, sai su farka.

In an ɗauke wuta, kada ka buɗe ƙofa. Firiza cikakkiya takan riƙe sanyi har kwana 2. Wadda take rabi, kwana 1. A bazara ba ta kai haka. Robobin ruwa da suka daskare suna taimaka mata, amma kada a cika su fal, don ruwa yana kumbura in ya daskare. Naman da ya fara narkewa amma da sauran sanyi, a dafa shi ko a soya a ranar. Wanda ya narke har ya yi ɗumi, a zubar da shi ko da bai yi wari ba. Asarar nama ta fi kwanciya asibiti sauƙi.

Jama'a, tsumma da takarda da haƙurin minti 5 ba su da tsada. Rigakafi ya fi magani.