Daga Tsakuwa Zuwa Tsakiya

 Yau hirarmu a kan wani abu ce da yawancinmu mu ke da shi a ƙasan adaka ko cikin kumbo, amma ba mu cika tambayar asalinsa ba, watau tsakiya, jan dutsen nan da iyayenmu da kakanninmu su ke jerawa tare da murjani su rataya a wuya. Sau da yawa dillaliya ta kan shigo gida tana neman tsofaffin duwatsu, sai mace ta kwance na kakarta ta bayar a kan kuɗin atamfa ɗaya, don tana ganin yayinsu ya wuce. To, kafin ki kwance naki, ki tsaya ki ji irin tafiyar da ya yi kafin ya zo hannunki.

Tsakiya dai dutse ne dangin ƙanƙara, irin wadda a ke ƙyasta wuta da ita. Larabawa suna kiransa aƙiƙ. Masana sun ce a cikin duwatsu masu aman wuta ya ke samuwa. Idan narkakken dutse ya huce ya daskare, ya kan bar 'yan ramuka a cikinsa kamar na soso. Ruwa mai ɗauke da sinadarin rairayi shi ke tsattsafowa cikin ramukan nan, yana barin shafi bisa shafi, har rami ya cika. Shi ya sa in kin ɗaga tsakiya ta gari wajen hasken rana za ki ga zane-zane a jere a cikinta. Bayan zamani mai tsawo sai uwar dutsen ta ruɓe ta farfashe, aƙiƙ kuwa da ya ke ya fi ta tauri sai ya saura, ruwa ya kwashe shi ya zubar cikin tsakuwar kogi. A nan mutane su ke tsinto shi.

Garin da ya fi suna a duniya wajen wannan sana'a shi ne Kambat, a jihar Gujarat ta ƙasar Indiya. Mutanen wannan yanki sun fi shekara 4,000 suna yin duwatsun wuya. Daga Ratanpur, kusa da kogin Narmada, a kan haƙo duwatsun cikin tsohuwar tsakuwar da ruwa ya tara. Sai a shanya su a rana, sa'an nan a zuba cikin tukwanen ƙasa a gasa. Wutar nan ita ke mai da dutse mai ruwan ɗorawa ya koma ja wur, saboda ɗan ƙarfen da ke jikinsa. Daga nan mai sana'a ya kafa tsinken ƙarfe a ƙasa, ya jingina dutsen a bakinsa, ya riƙa ƙwanƙwasawa da 'yar guduma ta ƙahon ɓauna har ya fitar da siffar da ya ke so. Wajen huda kuwa, da wani ɗan baka su ke yi mai kama da bakan shiɓa, yana juya tsinke mai ƙwayar daiman a kansa, ruwa na ɗiga a kai.

Saura sheƙi. A da, cikin salkar fata su ke zuba duwatsun tare da ruwa da garin dutse mai kaifi, a ɗaure baki, mutum biyu su yi ta mirgina ta tsakaninsu kwana da kwanaki. Yanzu ganga ce inji ke juyawa, amma dabarar ba ta sake ba: dutse ya gogi ɗan'uwansa har kaushi ya tafi, kamar yadda kogi ya ke yi wa tsakuwa.

Ba Indiya kaɗai ba ce ta ke da hannu a abin wuyanmu. A ƙarni na 19 mutanen garin Idar-Oberstein na Jamus sun riƙa sayo aƙiƙ daga Barazil suna yanka shi musamman don kasuwannin Afirka. A nan gida kuma akwai lantana, jan dutsen da a da fatake Hausawa su ke saukowa da shi ta kogin Kwara, masu sana'a a Ilori su goge shi a kan dutse su huda da hannu. Saboda haka tsakiyar da ke cikin kumbonki tana iya zama ta ɗaya daga cikin wuraren nan.

A Amurka kuwa abin ya zama na sha'awa, wanda uwa da uba da 'ya'ya su ke fita yi tare. A jihar Montana akwai kogin Yellowstone, wanda tsakuwarsa ta shahara da wani irin aƙiƙ garai-garai mai baƙaƙen zane kamar rassan itace a ciki. A 1969 ma jihar ta sa shi cikin duwatsun da ta ke alfahari da su a hukumance. Idan ruwa ya janye bayan cikar kogi, sai ka ga mutane da bokiti suna bin tsibiran tsakuwa, kai a sunkuye. Su kan jiƙa dutse su duba, gama busasshen aƙiƙ ba shi da kyan gani, sai ya jiƙe launinsa ke fitowa.

A cikin tsakuwar nan kuma su kan sami itacen da ya zama dutse. Kada ki yi mamaki, ikon Allah ne. Idan itace ya faɗi, laka ko tokar dutse mai aman wuta ta binne shi inda iska ba ta kai gare shi, ba ya saurin ruɓewa. Sai ruwan nan mai sinadarin rairayi ya ratsa shi, ya cika kowace ƙofa ta jikinsa, har ya koma dutse, amma ga ɓawo ga zanen itace duk suna nan. A jihar Arizona akwai wani daji cike da irin waɗannan gungume, wanda a ka mai da shi gandun ƙasa a 1962. Masana sun ƙiyasta shekarunsu sun haura miliyan 200, kuma doka ta hana ɗaukar ko ɗan guntu daga wurin.

In sun koma gida da abin da su ka tsinto, sai su zuba cikin wata 'yar ganga ta roba wadda ƙaramin inji ke juyawa dare da rana. Ba a cika ta fal, a kan bar kamar sulusi don duwatsu su sami wurin gangarawa. Zubi huɗu a ke yi, ko wane kamar mako guda: na fari da gari mai kaushi ƙwarai don ya cinye kusurwoyi, na biyu da na uku da mai laushi-laushi, na huɗu da garin sheƙi. Tsakanin ko wane zubi sai an wanke duwatsu da ganga tas, don ƙwaya ɗaya ta gari mai kaushi in ta saura, ta isa ta kakkarce aikin wata guda. Mai gaggawa ba ya wannan aiki.

Amma fa akwai wani gefe na labarin da ya kamata mu sani. Mai juya dutse cikin ruwa ba ya shaƙar ƙura. A Kambat da ƙauyukanta kuwa, talakawa da yawa sun daɗe suna goge dutsen a bushe a bakin inji, sau da yawa cikin gidajensu, mata da yara na kusa. Ƙurar nan in ta shiga huhu ba ta fita. Tana kawo ciwon da likitoci ke kira silikosis, mai sa tari da haki da rama, yana buɗe wa tarin fuka ƙofa, kuma har yau ba shi da maganin warkewa. Mutane masu yawa sun rasa rayukansu ta haka, sun bar zawarawa da marayu. Duk wadda mijinta ko ɗanta ke aikin fasa dutse ko goge shi, ta matsa masa ya riƙa jiƙa dutsen, ya kuma nesanta aikin daga inda yara su ke.

To, yaya za ki gane ta gari? Tsakiya ta gaske tana da sanyi da nauyi a hannu, wuƙa ba ta karce ta, ita kuwa tana iya karce kwalba. Ta kwalba ta kan nuna 'yan kumfa a ciki ko layin haɗi a gefe. Ta roba ba ta da nauyi, kuma allura mai zafi tana shiga jikinta. In kin ga shuɗi ko kore mai ɗaukar ido ƙwarai, galibi rini ne. Tsohuwar tsakiya kuwa za ki ga bakin hudarta ya side saboda gogar zare.

'Yan makaranta, ku ma kuna iya gwadawa da rani in kogi ya ƙafe. Ku tafi da babba, da izinin iyaye, kuma ku guji shiga kwantaccen ruwa saboda tsargiya. Ku tsinci tsakuwa masu santsi da haske ke ratsawa, ku wanke, ku goga da samfefa a jiƙe, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ku kai wa malamar kimiyya ta duba muku.

Ke kuwa uwargida, ki sake wa tsakiyarki zare mai ƙarfi, ki tambayi tsofaffin gida wa ya fara kawo ta, ki gaya wa 'yarki. In kuma lalura ta sa dole sai kin sayar, kada ki sallama a tayin farko. Ki nuna wa mutum biyu ko uku da su ka san dutse tukuna.