Tasawa da Mayahi: jinyar ɗan da hankalinsa ya taɓu tana wuyan uwaye

Daga Tasawa zuwa Maraɗi tahiya ce ta hiye da kilomita 100, haka ma zuwa Damagaram. A ƙidayar jama'a ta 2012, gundumar Tasawa da ta Mayahi kowace ta haura mutum rabin miliyan. Amma magidancin da ɗansa ya samu taɓin hankali mai tsanani, yawanci sai ya kai shi ɗaya daga cikin biranen nan biyu, ko ma Yamai, inda sashen da ake kira Pavillon E yake, kahin ya ga ƙwararren da zai faɗa masa sunan ciwon. Ganin likita aikin yini ɗaya ne ko na mako biyu. Sauran shekarar kuwa, uwa da uba su ne asibiti.

Ciwon ba ya zuwa da ganga. Saurayi ɗan shekara 19 ko 22, wanda ya saba raba dare a fada yana shan shayi da abokai, sai ya daina hita. Barci ya ƙaurace masa. Ya ƙi tuwon gidansu yana cewa an sa masa wani abu, ya riƙa amsa wa muryoyin da babu mai jin su sai shi. Wani daga ci-rani ake dawo da shi, daga Kano ko Agadas ko wurin haƙar zinari, abokan tahiya suna riƙe da shi cikin mota. Wani ɗan lakwal ne mai shirin jarrabawa, sai a ce karatu ne ya yi masa yawa.

Ƙohwar farko da uwaye ke bugawa ta malam ce, da rubutu da tohi da ruƙiyya. In ba a ga sauƙi ba, sai boka ko ƴan bori. Ba wauta ba ce: su ne ke kusa, suna jin harshen mutum, suna kuma ba da amsar tambayar da ke cin ran uwa, wato me ya sa sai ɗanta. Tun 1972 Jacqueline Monfouga-Nicolas ta wallafa littahi a kan bori a ƙasar Maraɗi da matsayinsa wajen neman waraka. Illar tana ga lokaci. Kahin a sayar da akuya ta biyu da damman hatsin da aka aje don bazara, wata shida ko shekara ta wuce, alhali bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa gwargwadon daɗewar ciwon ba magani, gwargwadon wuyar da yake yi wajen jin magani daga baya.

Likita yakan fara da tambaya ko akwai zazzaɓi, domin zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau, da farfaɗiya, duka suna iya rikita mutum, kuma kowanensu da maganinsa dabam. Yakan tambaya ko yaron yana shan tiramol, ko wiwi, ko zaƙami. In an kau da waɗannan, ciwon kuma ya daɗe, to sunan da uwaye suka hi ji shi ne sikizofireni. Wani sa'i kuma ciwon hawa da sauka, mai sa mutum ya yi makonni cikin zumuɗi da ɓarnar kuɗi ba barci, sa'annan ya faɗa baƙin ciki mai zurhi. Alƙaluman da Hukumar Lahiya ta Duniya, OMS, ta bayar a 2022 sun ce mutum kusan miliyan 24 ne ke da sikizofireni, wato ɗaya cikin 300, kuma yakan kama mutum daga ƙarshen balaga zuwa shekaru ashirin da ƴan kai, maza kahin mata. Daidai lokacin ke nan da uba ya fara sa ran hutawa da hauya.

Magani yana aiki, amma ba ya gaggawa

Magungunan da aka hi rubutawa a yankin tsofaffi ne, masu arha in an gwada da sabbi. A 1952 aka fara gwada Largactil a asibitin Sainte-Anne na birnin Paris, a 1958 aka haɗa Haldol a Beljiyam. Cikin ƴan kwanaki suna kwantar da tashin hankali, barci ya dawo. Amma muryoyi da zargi sai an yi mako huɗu ko shida kahin su ja baya. A nan uwaye da yawa ke tuntuɓe sau biyu. Na farko, a mako na biyu, in sun ga yaron yana nan yana surutai, sai su ce maganin bature bai karɓe shi ba. Na biyu ya hi muni: a wata na uku, in ya koma gona yana gaida mutane, sai a ce ya warke, a daina sayen ƙwaya. Shawarar OMS ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 7 zuwa 12 bayan alamomi sun ɓace, kuma likita ne zai rage shi sannu a hankali. Galibin waɗanda suka yanke magani da kansu, ciwon yakan dawo musu cikin shekara ɗaya ko biyu, kuma kowace dawowa tana tahiya da wani abu: makaranta, ko sana'a, ko yardar dangi.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa wa uwaye tun a gaban likita, amma sau da yawa ba a samun lokacin faɗa. Ƙwayoyin nan suna iya sa jiki ya sandare, hannu ya yi rawa, miyau ya zuba, wuya ya karkace, idanu su juya sama. Uwar da ta ga ɗanta haka da tsakar dare, ba abin da zai zo mata a rai sai iskoki sun hau. Alhali aikin maganin ne, kuma rage shi kaɗan ko ƙara wata ƙwaya irin Artane yana kawar da shi. Amma in sandarewar ta zo da zazzaɓi mai zahi da ruɗewa, wannan ba na jira ba ne, sai likita nan take. Mai shan Largactil kuma rana tana ƙona masa fata, jiri yana ɗibarsa in ya tashi da sauri. A ƙasar da ake noma cikin zahin Mayu da Yuni, ba ƙaramar magana ba ce.

Sai batun kuɗi. Kyautar magani da gwamnatin Nijar ta kawo a 2006 ta shahi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da wasu buƙatun mata, kamar tiyatar haihuwa. Saurayi ɗan shekara 20 ba ya ciki. Kuɗin mota na mutum biyu ko uku zuwa Maraɗi da dawowa yakan hi kuɗin ƙwayar kanta. Shi ya sa yake da kyau uba ya tambayi abu biyu kahin ya baro asibiti: ko ɗansa zai iya komawa ga allura mai daɗewa a jiki, wadda ake yi sau ɗaya cikin mako uku ko huɗu, da kuma ko za a rubuta takarda zuwa ga majo na ƙaramar likitar da ta hi kusa da su, a Korgom ko Urafan ko Kanambakashe, don a riƙa yi masa ita can. Tun 2008 OMS ta ƙaddamar da shirin mhGAP a kan wannan manufa: a koya wa ma'aikatan jinya na karkara kula da irin waɗannan marasa lahiya, tunda ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa, kuma a manyan birane suke.

Mari da harshe

Babu uban da ke ɗaure ɗansa don daɗi. Ana sa mari ne ranar da kowa zai tahi gona, ba mai tsaro, ga rijiya a buɗe, ga maƙwabta sun kawo ƙara sau uku. Sai dai abin da aka yi don yini ɗaya yakan zama na shekara. Ƙafa ta yi gyambo, jijiyoyi su ƙage, wanda aka ɗaure kuma ya tabbatar a ransa cewa zargin da yake yi wa ƴan gidansu gaskiya ne. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda sun hitar da mutum hiye da 300 daga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. A watan da ya biyo baya aka buɗe wani a Daura. Akasarinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna biya, suna zaton gyara ake yi. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2020 ya samu irin wannan ɗauri a ƙasashe 60.

Tun 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya nuna wata hanya a Aro, kusa da Abekuta. Ya saukar da marasa lahiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da ɗan uwansa mai jinya, suna zuwa karɓar magani da rana suna kwana cikin mutane, bai kuma kori masu maganin gargajiya ba. Darasin yana nan: addu'ar malam da ƙwayar likita ba kishiyoyi ba ne, muddin malam bai ce a zubar da ƙwaya ba, bai kuma ɗauki bulala ba.

Harshe ma yana ɗaure mutum. A Ingila, Vaughn da Leff sun bi marasa lahiya bayan an sallame su, suka bayyana a 1976 cewa cikin wata 9 ciwon ya dawo wa 51 cikin 100 na waɗanda suka koma gidajen da ake yawan zagi da gori ko kakkafa-kaffa mai yawa, a gidajen da ake magana a natse kuwa 13 kawai. Kwanciyar da yaron ke yi har hantsi, da rashin wanka, da shirun da ya yi, ba lalaci ba ne. Suna cikin ciwon, kuma su ne suka hi jinkirin tahiya. Gardama da shi a kan muryoyin da yake ji ba ta da amfani, gaskata su ma haka. Uba yana iya ce masa shi bai ji ba, amma ya ga abin yana damunsa. Abu mai wuya a ƙasar da ɗa ba ya ɗaga ido gaban mahaihinsa shi ne a tuna cewa wannan baligi ne. A shawarce shi a kan maganinsa, a bar masa gayaunarsa ko kiwon tumaki biyu, a kira shi da sunansa, a hana yaran gida kiransa da wancan sunan.

Aure kuwa, wanda tsofaffi ke ba da shawararsa da zarar an ga sauƙi, ba magani ba ne. Mai wannan ciwo yana iya aure ya riƙe gida in ya daidaita, amma ɓoye wa dangin yarinya gaskiya shi ke kawo saki da dawowar ciwo tare. Masu tsoron gado su sani cewa cikin ɗiya goma na mai sikizofireni, kusan tara ba sa kamuwa. Ɗiya mace ta hi shiga uku: in ciwon ya same ta a ɗakin miji, sau da yawa da takardar saki take dawowa. Akwai kuma ruɗewar da ke kama mai jego ɗaya ko biyu cikin 1000, galibi a mako biyun farko, lokacin da mai haihuwar fari take gaban uwarta tana wanka. Wannan yana jin magani ƙwarai in an yi hanzari, amma kada a bar ta ita kaɗai da jariri kahin ta samu kanta.

Jama'a suna tsoron mai taɓin hankali, alhali shi aka hi duka da jifa, kuma haɗarin da ya hi kusa da shi na kansa ne. Kusan ɗaya cikin 20 na masu sikizofireni yakan kashe kansa, galibi matasa a shekarun farko, sau da yawa bayan sun samu sauƙi sun gane abin da ya same su. In ya fara cewa ya zame wa gida nauyi, a zauna a saurare shi, a kai shi likita cikin kwanakin nan, a kuma ɗauke piya-piya da maganin ƙwarin wake daga ɗakin da yake kwana. Sauran ƙwayoyinsa su zauna a hannun mutum ɗaya, wanda zai ba shi na kowane dare, ya kuma riƙe ranar allura ta gaba, ko da ta faɗo tsakiyar shuka.