Dalilin Riƙe Fitsari Kafin a Ɗauki Hoton Mara

A ƙasar Haɗeja, musamman garuruwan fadama irin su Guri da Kirikasamma, tsargiya ta yawaita, domin ƙwayarta tana fitowa daga katantanwar ruwan da yara ke wanka ciki. In likita yana son ganin ɓarnar da ta yi wa mafitsara, sai ya sa majinyaci ya sha ruwa da yawa, ya riƙe fitsari wajen sa'a guda. Wannan ba wulaƙanci ba ne. Mafitsara in ba kome cikinta takan yamutse, na'ura ba ta ganin bangonta. In ta cika, kumburin ya fito sarai. Wanda ya zagaya kafin a kira shi, tilas ya sake sha. Ya kamata Hakimai su sanar da dagatai haka, kada talakawa su yi fushi su koma gida ba a duba su ba.