Ɓarawo yana cikin gida: littattafan ranar salla a Ingila

A ƙasar Ingila watan Disamba watan sanyi ne ƙwarai. Tun wajen ƙarfe 4 rana take faɗuwa. Ran 25 ga wata Kirista suke yin sallarsu ta Kirsimeti, wadda ake ce wa Nowel da Faransanci. Dangi na nesa su zo gida, a ci, a sha, a zauna bakin wuta. A lokacin ne mutane da yawa suke son karanta wani irin littafi: labarin sata ko kisan kai da aka yi ranar salla, ba a san wanda ya yi ba.

Kada a ji kisa a tsorata. Ba labarin tashin hankali ba ne, har da ban dariya a ciki. Kamar kacici-kacici yake. Mai rubutu yana ɓoye amsa cikin ƙananan abubuwa: sawun takalmi, ƙofar da aka bari buɗe, maganar da ta suɓuce wa wani. Wanda ya karanta da gaggawa sai amsa ta wuce shi. Wanda yake bi a hankali, kalma bayan kalma, yakan riga mai bincike gane mai laifi. Sabon mai karatu bai da abin jin kunya a nan.

Gwanar wannan aiki wata mace ce, Agata Kiristi. An haife ta a 1890, ta rasu a 1976. Lokacin yaƙin duniya na farko ta yi aiki a ɗakin magani na asibiti, can ta san sirrin guba. Ta rubuta littattafan bincike 66. A zamaninta kusan kowace shekara sabon littafinta yana fitowa kafin Kirsimeti, mutane suna saye su ba juna goron salla. Tun 1927 ake buga littattafanta da Faransanci.

Ga ɗaya da ya fito cikin littafinta na 1960. An sace jan yaƙutu mai tsada na wani ɗan sarki. Mai bincike Puwaro, tsohon ɗan sandan Beljiyam, gajere mai ji da gashin bakinsa, ya tafi cin salla wani babban gida na ƙauye. A can akwai abincin salla mai zaƙi da ake yi da garin alkama, ƙwai, kitse da busasshen inabi. Bisa al'ada kowa a gidan sai ya sa hannu ya juya shi, kuma ana jefa kuɗi ko zobe a ciki don wasa. An yi manya biyu, ɗaya na Kirsimeti, ɗaya na sabuwar shekara. Ɓarawo ya tura yaƙutun cikin na sabuwar shekara, yana ganin kafin ranar zai kwashe abinsa.

Ashe ƙwarya za ta fashe! Mazubin na Kirsimeti ya faɗi ya farfashe, sai aka kawo ɗayan. Ana cikin ci, maigida ya ji dutse a baki, ya tofar yana faɗa, yana tsammanin kwalba ce. Puwaro ya karɓa, ya sa aljihu, bai ce komai ba.

Me ya sa ranar salla? Don ranar ce kowa yake gida, baƙo da ɗan gida, kwano ɗaya. Ɓarawon yana zaune cikinsu, shi ma yana dariya.