Irin Da Ke Rumbunmu Yana Da Rai Kuwa?

'Yan'uwa, duwatsun Roni suna nan yadda kakanninmu suka bar su. Ba ci, ba numfashi, ba girma, ba haihuwa. Da waɗannan huɗu ake gane mai rai, ba da motsi kaɗai ba. Gawo kan kaɗe ganye da damina, gaiwa kan kwanta cikin busasshen taɓo duk rani, amma da ransu.

Haka ƙwayar gero take. Tana numfashi a hankali cikin rumbu. Laima da zafi kan kashe ta, ido kuwa ba ya ganewa. Kafin ruwan shuka, mu naɗe ƙwaya 20 cikin jiƙaƙƙen tsumma kwana 5. In yawancinsu ba su tsiro ba, mu nemi wani iri, kada mu shuka tsakuwa.