Kwamfutar IBM 5150 da Sauya Ƙwaƙwalwarta da NEC V20

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi ƙirar na'ura mai ƙwaƙwalwa ta kan tebur da kamfanin IBM na Amurka ya fitar a watan Agusta na 1981 da sunan 5150, tare da bayanin irin ƙarin saurin da ake samu idan an cire ƙwaƙwalwarta ta asali an sanya wata. Abin da ake nufi da "ƙwaƙwalwa" a nan shi ne ɗan guntun da ke karanta umarni yana aiwatar da shi. Wurin da ake ajiye bayanai na wucin gadi kuwa an kira shi "ma'adana", domin a tsere wa ruɗanin da kan faru idan an kira su duka biyun da suna guda.

2.0 Ƙirar Na'urar

Ƙwaƙwalwar 5150 ita ce Intel 8088, mai taransista kimanin 29,000, wadda ke bugawa sau miliyan 4.77 a daƙiƙa. Wannan adadi yana da dalili. Injiniyoyin sun yi amfani da ƙarau guda mai bugun miliyan 14.318, wato ninki huɗu na mitar launi ta talabijin ɗin Amurka, suka raba shi uku, domin ƙarau ɗaya ya wadatar da ƙwaƙwalwa da kuma allon launi. Mafi arahar samfurin ya zo da ma'adana mai kilobait 16 a kan dala 1,565, kuma allon farko ba ya ɗaukar fiye da kilobait 64 sai da ƙarin kati a ɗaya daga cikin ramukansa biyar.

Babban cikas ɗin 8088 shi ne ƙofarta. A cikinta tana sarrafa bit 16 a lokaci guda, amma hanyar da ta haɗa ta da ma'adana faɗin bit 8 gare ta, kuma ɗauko kowane bait yana cin bugu huɗu. Ke nan sau da yawa ƙwaƙwalwar kan gama aikin da ke hannunta ta zauna jiran umarni na gaba.

3.0 Sauya Ƙwaƙwalwa

A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin NEC na Japan ya shigo kasuwa da V20. Ƙafafunta 40 ne, jerinsu daidai da na 8088, don haka mai na'ura zai ɓamɓare tsohuwar daga gurbinta ya dasa sabuwar ba tare da ya taɓa komai ba. Bugun agogo yana nan a 4.77. Ribar tana zuwa ne daga tsarin ciki: V20 na da hanyoyin ciki guda biyu a maimakon ɗaya, kuma lissafin adireshin ma'adana, wanda ke cin bugu 5 zuwa 12 a 8088, ta mayar da shi bugu biyu. Haka nan lissafin sau da na rabawa, waɗanda kan ci fiye da bugu 100 a 8088, sun ragu ƙwarai.

A nan ne ya kamata a yi hattara da alƙaluma. Ma'aunin sauri na Norton SI ya dogara sosai ga sau da rabawa, saboda haka yakan nuna kamar na'urar ta kusa ninka saurinta. Mai rubuta wasiƙa ko mai jera kalmomin ƙamus bai ga haka ba, domin aikinsa jigilar haruffa ne ta wannan ƙofa mai bit 8 da ba ta sauya ba, ga kuma jiran faifai. Ƙarin da akan samu a irin waɗannan ayyuka bai cika wuce kashi 30 cikin ɗari ba, galibi ma ƙasa da haka yake. Duk da haka, ga guntun da bai kai kuɗin kati ɗaya ba, cinikin ba shi da laifi.

V20 ta kuma fahimci umarnin Intel 80186, tana iya kwaikwayon tsohuwar 8080, abin da ya ba da damar gudanar da manhajojin CP/M da taimakon wata 'yar manhaja. Wannan kamanci ya kai Intel da NEC gaban kotu a Kalifoniya. A 1989 alƙali William Gray ya yanke hukuncin cewa dokar haƙƙin mallaka ta shafi ƙananan umarnin da ke cikin ƙwaƙwalwa, amma NEC bai kwafi na Intel ba.