Za a iya saka wa Golf ɗin tashar Gumel na'urar tuƙa kanta?



Wata Alhamis da daddare na taso daga kasuwar Maigatari zan koma Gumel, ina gaban mota kusa da direba. Bawan Allah tun asuba yake jigila. Sau biyu na ga kansa ya sunkuya, motar ta fara cin gefen titi. Na ce, "Malam direba, ko za mu ɗan tsaya?" Ya ce ai idonsa biyu. Allah ya kai mu lafiya, amma tun ranar nake tambayar kaina: tunda ana cewa mota na tuƙa kanta, me zai hana a ƙera wata na'ura a liƙa wa motocin da muke da su?

To, an gwada. A 2015 wani matashi ɗan Amurka, George Hotz, wanda ya yi suna tun 2007 da ya buɗe makullin iPhone yana ɗan shekara 17, ya kafa kamfanin comma.ai. A garejin gidansa a San Francisco ya saka wa motarsa ƙirar Acura ILX kyamarori da kwamfuta, ta riƙa bin babban titi da kanta. A 2016 ya ce zai sayar da na'urar a kan dala 999. A watan Oktoba hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka ta aika masa wasiƙa tana neman hujjar cewa abin ba zai kashe mutane ba. Sai ya fasa sayarwa, ya saki manhajar kyauta da sunan openpilot. Yau tana aiki a kan nau'in motoci sama da 250.

Yaya take aiki? Abu uku ne. Na farko ido: kyamara a jikin gilashin gaba tana kallon titi. Na biyu ƙwaƙwalwa: manhajar da ta koyi tuƙi daga bidiyon tafiye-tafiyen direbobi masu yawan gaske. Na uku hannu da ƙafa, kuma a nan gizo ke saƙar. Na'urar ba ta da hannun murɗa sitiyari. Saƙo kawai take turawa ta wayoyin da sassan mota ke magana da juna, tsarin da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fitar a 1986. Sai sitiyarin motar ya zama mai aiki da lantarki, birki da totur ma suna karɓar umarnin kwamfuta. Shi ya sa yawancin motocin da take hawa sababbi ne, 'yan wajen 2016 zuwa sama.

Yanzu ku leƙa tasharmu. Golf da Sharon na shekarun 1990, sitiyari na mai, birki sai ƙarfin ƙafa. Ko ka liƙa na'urar, ba wanda zai ji maganarta. Sai dai ka ƙera injin da zai murɗa sitiyari ya taka birki, kuma ranar da ya maƙale a guje, ai kun san sauran.

Matsala ta biyu ita ce hanya. Manhajar ta yi karatunta ne a titunan da ke da zane da alamomi. Ba ta san amalanken shanu ba fitila ba, ko garken da ake korawa kasuwa, ko yashin da ke rufe hanyoyin ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa. Ko a can ma an yi asara: a watan Maris na 2018 motar gwaji ta Uber ta kaɗe wata mata har lahira a jihar Arizona, tana tsallaka titi da kekenta da daddare. Akwai mutum a bayan sitiyari, amma hankalinsa ba ya kan hanya.

Ku lura da wannan. A ma'aunin tuƙin kai, daga mataki na 0 zuwa na 5, openpilot tana mataki na 2 ne. Wato har yanzu kai ne direba. Shi ya sa take da kyamara ta biyu mai kallon fuskarka. Ka kau da kai ko ka yi gyangyaɗi, ta yi ƙara.

Wannan ɓangaren ne namu, kun gane? Ba ya buƙatar sabuwar mota. Tsohuwar wayar Android, caja, da manhajar da ke gane ido ya rufe ya daɗe, sai ƙararrawa. Ɗalibin kwamfuta da bakanike ɗaya za su iya haɗa samfurin gwaji, su fara jarraba shi mota na tsaye, da rana da dare, da hula da rawani. Sannan su nemi direbobin tasha su gaya musu gaskiyar inda ya gaza.

Ba zai maye gurbin barci ba fa. Wanda ya gaji ya tsaya ya huta. Amma da akwai irinsa a motar da na shiga ranar Alhamis ɗin nan, da direba bai ce min idonsa biyu ba.

Idan kana da gareji ko kana rubuta manhaja a yankinmu, ka yi magana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a sauka lafiya.